Fim Ma Yana da Ajali: Darasi Daga Tsofaffin Finafinai Ga Matasan Gobir

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa kafin samun mulkin kai, ko kuwa jim kaɗan bayansa, da wuya ya manta da majigi. Motar gwamnati ce take isowa gari da la'asar, mai shela ya zaga ya sanar, bayan sallar isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a ta da inji, manya da yara su yi cincirindo. A nan aka riƙa nuna wa jama'a hanyoyin noma na zamani, da tsabtace rijiya, da amfanin rigakafin cututtuka, wani ma'aikaci kuma yana riƙe da lasifika yana bayyana abin da ido yake gani. Har yanzu akwai dattawan da in an ambaci Baban Larai, fim ɗin noman auduga na shekarun 1950, sai su yi murmushi.

To, tambayar da ya kamata ɗalibin kimiyya na Kamarawa ko Isa ko Sabon Birni ya yi ita ce, ina waɗannan finafinai suke yau? Mutane da yawa suna ɗauka cewa abin da aka ɗauka a hoto ya dawwama ke nan. Haƙiƙa ba haka abin yake ba. Fim abu ne da aka haɗa da sinadarai, saboda haka yana tsufa, yana ruɓewa, yana mutuwa. Duk wanda ya tsira kuwa, za a tarar wani ne ya yi masa hidima iri uku: ya ajiye shi a wuri mai sanyi, ya kwafe shi kafin ya lalace, ya kuma rubuta sunayen mutanen da suke cikinsa. Ƙasar Gobir tana bukatar masu wannan hidima, kuma wani sashe nata bai fi ƙarfin ɗan makarantar sakandare ba.

Da Me Ake Yin Fim?

Fim irin na dā wani dogon ziri ne mai kama da roba, wanda haske yake ratsawa, faɗinsa milimita 35. Akan naɗe shi a faifai, a rufe cikin gwangwani. Faifai guda yakan ɗauki ƙafa 1,000, wato kimanin mita 305, kuma a kowace ƙafa akwai ƙananan hotuna 16. Ke nan faifai guda yana ɗauke da hotuna 16,000. Idan na'ura ta riƙa haska su ɗaya bayan ɗaya da sauri, sai ido ya ga kamar motsi ake yi. A zamanin da fim ba ya magana akan haska hotuna 16 ko fiye a daƙiƙa guda, bayan zuwan sauti kuma aka tsayar da 24.

Zirin yana da sassa biyu. A sama akwai wani shafi na danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, wanda aka cakuɗa da gishirin azurfa. Wannan gishiri shi ne yake canzawa idan haske ya taɓa shi, har hoto ya fito. A ƙasa kuma akwai jikin zirin, wanda yake riƙe da danƙon. Tun daga farkon sana'ar fim har zuwa wajen 1951, da auduga ake yin wannan jiki. Akan jiƙa ta da asid mai ƙarfi, a haɗa da kafur, sai a sami abin da ake kira naitiret. Abin tsoro a nan shi ne, naitiret ɗan'uwan albarushi ne na kusa. Idan ya kama da wuta, shi da kansa yake samar da iskar oksijin da wutar take ci, don haka ko an tsoma shi cikin ruwa yana iya ci gaba da ƙonewa. Ko babu wuta ma, a hankali yake ruɓewa. Hoton yakan fara dushewa, zirin ya yi danƙo, ya manne, daga bisani ya koma gari mai launin ƙasa. Wanda ya riga ya fara ruɓewa yana iya tashi da wuta shi kaɗai idan ya daɗe cikin zafin da ya kai kusan digiri 40 na ma'aunin Salshiyas. Mutumin Sakkwato ya san cewa a watan Afrilu wannan zafi ba baƙo ba ne ko a inuwa.

Daga baya aka koma ga wani sinadari da ake kira asitet, wanda ba ya kamawa da wuta haka. Da shi ne aka yi ƙananan finafinai masu faɗin milimita 16, irin waɗanda akasari motocin majigi suke yawo da su. Amma shi ma da nasa ciwon. Zafi da laima suna sa shi ya riƙa sakin wani asid mai warin ruwan khal, zirin ya motse, ya kanannaɗe, ya riƙa karyewa. Asid ɗin da ya fita kuma yana ƙara hanzarta ruɓewar, har ya shafi sauran faifan da suke kusa. Malaman kimiyyar sinadarai suna da wani ƙiyasi da kowane ɗalibi ya kamata ya riƙe, cewa idan zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin irin wannan canji yakan kusan ninkawa. Wannan shi ne dalilin da ya sa sanyi yake tsawaita ran fim.

Abin da Ya Sami Finafinan Amurka

Hausawa kan ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Amurka ita ce uwa-uba a sana'ar fim, kuma ba ta rasa kuɗi ko masana ba, amma duk da haka asarar da ta yi ba kaɗan ba ce. A 2013 Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin ƙasar ya fitar da wani bincike da ya ƙidaya dogayen finafinai marasa magana 10,919 da aka yi daga 1912 zuwa 1929. Kashi 70 cikin 100 sun ɓace ɗungurungum. Kashi 14 kacal ne suka tsira cikakku a siffarsu ta asali. Wasu wuta ta ci, alal misali gobarar da ta tashi a rumbun kamfanin Fox a jihar New Jersey a watan Yuli na 1937, lokacin wani tsananin zafi, inda faifai fiye da 40,000 suka ƙone. Wasu kuma kamfanonin ne da kansu suka lalata su, domin bayan zuwan fim mai magana a ƙarshen shekarun 1920 sun ga babu sauran riba a cikin na bebaye, ga shi ana iya tace azurfar jikinsu a sayar.

Waɗanda suka tsira, sau da yawa a wuraren da ba a zata ba aka same su. A 1978, a garin Dawson da ke arewacin Kanada, masu haƙa ƙasa suka tono faifai 533 da aka binne tun 1929 a wani tsohon kududdufin wanka. Ƙasar wurin daskararriya ce, sanyinta ne ya riƙe su kusan shekara 50.

Akwai wani fim da labarinsa ya cancanci malamai su ba ɗalibansu, wato Within Our Gates, wanda wani Baƙar Fatan Amurka mai suna Oscar Micheaux ya fitar a 1920. 'Yar wasa Evelyn Preer ce ta fito a matsayin Sylvia Landry, wadda ta bar kudancin ƙasar ta nufi arewa neman gudummawa don kada a rufe wata makarantar 'ya'yan talakawa Baƙar Fata. Fim ɗin ya zo ne shekara 5 bayan The Birth of a Nation na 1915, wanda ya ci zarafin Baƙar Fata, kuma ya nuna zaluncin da ake yi musu ƙarara. An daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai aka sami kwafi guda tak a rumbun finafinai na ƙasar Sifen a birnin Madrid, an canza masa suna zuwa La Negra. A 1993 masanan Amurka suka gyara shi, suka mayar da rubuce-rubucen da ke tsakanin hotunansa daga Sifaniyanci zuwa Ingilishi. Shi ne dogon fim mafi tsufa da ya rage cikin waɗanda Baƙar Fatan Amurka suka shirya. Fim ɗin Micheaux na farko kuwa, The Homesteader na 1919, wanda Evelyn Preer ta fara fitowa a cikinsa, har yau ba a gan shi ba. Da wannan kwafi guda ya ruɓe, da maganar waɗanda suka ci zarafi ce kaɗai za ta rage a idon jikoki, amsar da aka ba su kuma ta bi iska.

Fim Marar Magana a Arewacin Nijeriya

Arewacin Nijeriya ma yana da nasa fim na wannan zamani. A 1926 wani Baturen Ingila mai suna Geoffrey Barkas ya fitar da Palaver, wanda ya ɗauka a kan tsaunukan Filato, cikin al'ummomin Sura da Angas, wato Mwaghavul da Ngas. Labarin wani Di'o ne da wani Bature mai haƙar kuza suke takara a kan wata ma'aikaciyar jinya, har mai kuzar ya zuga sarkin yankin ya yi bore. Haddon Mason ne ya fito a Di'o, Reginald Fox a mai kuza, Hilda Cowley kuma a ma'aikaciyar jinya. Waɗannan uku an san sunayensu cikakku. A ɓangaren 'yan ƙasa kuwa, ban da mutum biyu, wato wanda ya fito a sarki Dawiya da kuma boka Yilkuba, taron jama'ar da suka cika fim ɗin da mayaƙa da mata da yara an bar su babu suna. Kwafin da ya tsira yana Ingila, a rumbun Cibiyar Finafinai ta Birtaniya.

Babu shakka Palaver fim ne na mulkin mallaka, wanda ya ɗaukaka Bature ya ƙasƙantar da mutanen ƙasa. Amma a bayan labarin da aka ƙaga, na'urar ta ɗauki abubuwa na gaske, irin su gine-gine, da sutura, da makamai, da fuskokin mutanen da jikokinsu suke raye yanzu. Darasi biyu ne a nan. Na farko, fim ɗin ya tsira ne domin an ajiye shi a inda ake da rumbu da masu kula. Na biyu, ko da ziri ya tsira, idan ba a rubuta suna ba, rabin abin ya tafi. Fuskar da ba ta da suna ba ta da zuriyar da za ta ce wannan kakana ne.

Misali na kusa shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Wannan fim na Hausa ya yi shekaru da dama ba a san inda yake ba, har aka ɗauka ya salwanta. A 2016 aka gano faifan asalinsa cikin tarin gwangwanayen da aka yi watsi da su a wani tsohon ginin hukumar finafinai a Legas. Wata cibiya ta birnin Berlin mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Idan fim ɗin da aka gina a kan littafin Firayim Minista na farko ya iya ɓacewa cikin shekara 40, ina ga hoton hawan sallar wani ƙauye?

Masu Ja da Wannan Magana

Wani zai ce, yankin da yake fama da rashin tsaro da ƙarancin asibiti, ina shi ina zancen tsohon fim? Maganar tana da nauyi, domin rai ya fi komai. Sai dai rashin tsaron shi ne ma ya sa aikin ya zama na gaggawa. Hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni a 2020 da 2021 sun tilasta wa dubban mutane barin gidajensu, wasu har suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi. Wanda yake gudun tsira da rai ba ya tsayawa ɗaukar akwatin hotuna, kuma dattijon da ya san fuskokin da ke ciki ba zai dawwama ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani kuma zai ce ai zamani ya canza, komai yana cikin waya. To, abin lura shi ne sababbin na'urori sun fi tsofaffi gajeren rai. Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda aka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, a kaset aka ɗauke su. Kaset kuwa garin maganaɗisu ne aka liƙa a jikin leda, kuma laima tana cin abin da ya liƙa shi cikin shekaru kaɗan. Bugu da ƙari, a 2016 kamfani na ƙarshe da yake ƙera na'urar kallon kaset a Japan ya daina. Faifan CD yana ɓarewa, katin waya yana lalacewa dare ɗaya, wayar kanta tana faɗawa rijiya ko a sace ta. Abin da aka adana a kwamfuta yana rayuwa ne muddin ana sake kwafe shi.

Akwai kuma masu ganin fim wasan banza ne da bai cancanci wahala ba. Su ma a tuna musu cewa ba labarin soyayya kaɗai ake ɗauka ba. Ana ɗaukar karatun malamai, da naɗin sarauta, da aikin maƙera da masaƙa da majema, da yanayin gulbin Rima da na Bunsuru kafin su canza. Tsagar Gobirci da take raguwa a fuskokin yara, nan gaba a hoto kaɗai za a gan ta. Gani kuwa ya kori ji.

Gadon Kwafa

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahi da Muhammadu Bello sun kai shekara 200 a hannun jama'a, ba don gara ba ta cin takarda ba, sai don almajirai sun riƙa kwafarsu hannu da hannu, kuma mai kwafa yakan rubuta sunansa a ƙarshe. Ta wannan hanya ce Infaƙul Maisuri na 1812 ya iso ga mutanen yau, kuma da irin waɗannan rubuce-rubuce ake sanin yadda Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Haka nan muryar Makaɗa Ibrahim Narambaɗa na Tubali, mawaƙin fadar Sarkin Gobir na Isa, ta tsira domin an ɗauke ta a na'ura, aka yi ta kwafa daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa waya. Makaɗa nawa ne na zamaninsa da ba a ɗauka ba, waɗanda yau ko amshi guda nasu ba a sani ba? Abin da ake nema shi ne a yi wa hoto mai motsi irin hidimar da magabata suka yi wa takarda.

Rabon Aiki

Aikin sanyi na hukuma ne da jami'a. A garin Culpeper na Amurka, inda ake ajiye finafinan naitiret, ɗakunan suna kan digiri 4, laimar iska kuma kashi 30 cikin 100. Ƙasar Sakkwato ta riga ta sami rabin wannan kyauta, domin iskarta busasshiya ce mafi yawan watannin shekara. Abin da ya rage shi ne maganin zafi da ƙura, kuma ranar da take kawo zafin ita ce za ta iya ba da lantarkin sanyaya ɗaki. Ya kamata Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu su haɗa hannu da rumbun finafinai na ƙasa da ke Jos da Gidan Arewa na Kaduna, a samar da ɗaki ko da guda ne mai sanyi a Sakkwato, tare da na'urar mayar da tsohon fim da kaset cikin kwamfuta. Ya kamata kuma a nemi kwafin duk abin da aka ɗauka game da wannan yanki wanda yake ajiye a Ingila ko Faransa ko Yamai, domin Gobir tana ɓangarori biyu na iyaka, daga Sabon Birni har Tsibiri.

Aikin suna kuwa na makaranta ne, kuma littafi da biro kawai yake bukata. Malamin tarihi da na kimiyya suna iya haɗuwa su ba kowane ɗalibi aikin hutu, ya nemi izinin magabatansa, ya binciko tsohon hoto ko kaset guda a gidansu, ya zauna gaban kaka ko baffa cikin ladabi, ya rubuta amsar tambayoyi huɗu: su wane ne a ciki, a ina aka ɗauka, a wace shekara ko zamanin wane sarki, kuma wa ya ɗauka. Sannan a yi kwafi uku, ɗaya a gida, ɗaya a makaranta, ɗaya a wani gari mai nisa, domin abin da ya ceci Within Our Gates shi ne kwafin da ya yi nisa da gida. Asalin kuma a mayar wa mai shi, a shawarce shi ya ajiye a ɗakin ƙasa na ciki, wanda ya fi mai rufin kwano sanyi, a sama da daɓe, nesa da ɗigar ruwa da gara.

Wanda ya ci karo da gwangwanin tsohon fim kuma ya yi hattara. Idan yana warin ruwan khal, a ware shi daga sauran. Idan mai faɗin milimita 35 ne, kuma an buga kalmar NITRATE a gefen zirin, kada a kusantar da shi ga wuta ko rana, kada a ajiye shi a ɗakin kwana, kada kuma a gwada haska shi. A sanar da masana.

Hukumar UNESCO ta keɓe ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara domin tunawa da gadon sauti da hoto mai motsi. Babu abin da zai hana makarantun Kamarawa da Isa da Sabon Birni su mayar da ita ranar da ɗalibai za su gabatar da abin da suka tattaro a gaban iyaye da hakimai. Mutanen da suka tsaya gaban na'urar Barkas a 1926 babu wanda ya tambaye su sunayensu, yanzu kuma damar ta wuce. Dattawan Gobir da suka san fuskokin da ke cikin tsofaffin hotuna suna nan da ransu, ana iya tambayarsu bana. Allah ya sa a yi cikin lokaci.